Jan Maraƙi da Dusar da Na Share

Bobigny, kusa da Paris, ranar Lahadi bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Zalika, wadda nake kira Uwani saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Lyon. Ya tsare ki daga sharrin sanyi, da sharrin hanya, da sharrin shawarar mutanen da ba su san abin da suke faɗa ba. A wannan rukuni na ƙarshe, kamar yadda za ki gani a ƙasa, mahaifinki ya daɗe yana riƙe da sarauta ba tare da abokin takara ba.

Ranar Talata kin kira ni cike da murna. Kin ce kin gama karatun kanikanci, kuma an kira ki gwajin aiki a wani gari can cikin duwatsu, inda ake ba yara hayar ƙananan baburan ƙanƙara suna zagaya fili. Kin ce mai garejin dattijuwa ce wadda ba ta ɗaukar ma'aikaci don takardar makaranta. Cewa ta yi ki zo mata da mataccen inji, ki tayar da shi a gabanta kafin dusar ƙanƙara ta farko ta zauna a ƙasa. In ya tashi aikin naki ne, in bai tashi ba ki koma inda kika fito. Sai kika ce, "Baba, a aiko mini da Jan Maraƙi." Ni kuwa na gyara murya na ce ai an daɗe da zubar da shi. Kika ce "To," kika ajiye waya.

Uwani, ƙarya na yi.

Ina ajiye wayar mahaifiyarki ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Malam, ƙaryar da ta kai nauyin buhun gero, kuma tana kwance a ɗakin ajiyarmu na ƙarƙashin bene, da wane zane za ka rufe ta?" Na ɗauki jarida na rufe fuskata, kamar yadda ya dace da mai ilimi. Amma jiya na sauka, na ɗage akwatuna da tsofaffin kundaye, ga shi nan yana kallona da fitilarsa guda, ja kamar ranar da na saye shi. Wallahi sai na ji zuciyata tana tsalle kamar ta yaron da aka ce gobe sallah. Alhaji Mahamat, mutumin Chadin nan mai jigilar kaya tsakanin unguwar Château Rouge ta Paris da Lyon, zai ɗauko miki shi ranar Alhamis. Wannan takarda kuwa tana gaba da shi ne domin likita ba ya yi wa majiyyaci aiki sai ya ji tarihin ciwo. Ciwon Jan Maraƙi kuwa, daga farkonsa har ƙarshensa, ni ne.

Bari in fara daga ranar da na gan shi. Kina 'yar ƙarama, ba ki daɗe da shiga makaranta ba, na je Lyon taya wani abokina murnar kare kundin digirinsa. Ranar Lahadi muka shiga kasuwar tsofaffin kaya da ke bakin ruwa, ni ina neman ƙamus. A tsakanin wani tsohon agogon bango da tarin kujeru na hango wata halitta: gabanta alluna biyu na zamiya, bayanta ƙafar roba mai haƙora irin ta katafila, tsayinta bai wuce gwiwata ba. Na tsaya kamar an dasa ni. Mai shi, wani dattijo mai gashin baki, ya ce babur ɗin ƙanƙara ne na yara, jikokinsa sun girma sun bar shi. Ya tambaye ni ko muna zuwa duwatsu. Na miƙe tsaye sosai, na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni mutumin Damagaram ne. Mun hau tudun rairayi tun kakanninka ba su san tudu ba." A raina na riga na yanke hukunci cewa rairayi da dusar ƙanƙara 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, launi kawai ya raba su. Ban da haka, a zamanin da nake ɗalibi na mallaki mobilet, ƙaramar babur ɗin nan, wadda na tura fiye da yadda na hau, saboda haka ina ɗaukar kaina cikin manyan masana inji.

Dattijon ya durƙusa zai fara yi mini bayani. Ya ɗora yatsa a kan wata jar igiya, ya buɗe baki. Na ɗaga masa hannu na ce ya huta, na sani.

Wannan ɗaga hannu, Uwani, shi ne uban duk abin da ya biyo baya. Saboda haka ga gargaɗina: idan mai abu ya buɗe baki zai gaya miki halin abinsa, ki rufe naki, ko da kin fi shi takardu, ko da bayanin nasa zai kai ki la'asar. Dattijuwar nan mai gareji, in ta fara ba ki labarin wani inji tun daga ranar da aka haife shi, kada ki ce kin karanta a makaranta. Ki saurara har ta gaji.

Alhaji Mahamat ɗin dai shi ya kawo shi Paris a wancan lokaci. Da ya gan shi ya zagaya shi, ya ce, "Malam, wannan jirgin ruwa ne ko moto ne?" Na ce, "Alhaji, ilimi ne." Ya ce, "To ilimin ya hau can bayan buhun kuɓewa, kada ya taɓa mini busasshen kifi." Ke kuwa da kika gan shi a ƙofar bene kika rungume wuyansa kika ce maraƙi ne, kuma tun daga ranar sunan ya zauna. Ni ma a gaban mutane na ɗaga yatsa sama na yi miki alkawari: za ki hau shi a kan dusar ƙanƙara, ko da za a yi yaƙi.

Yanzu ga maganar jar igiyar. Igiya ce mai murɗe-murɗe, da wata 'yar hular roba a bakinta wadda ke manne kusa da kan babur. Na dube ta da idon mai nazari, na gane cewa ado ne irin na Turawa, waɗanda ba sa iya ƙera abu ba su rataya masa wani abu ba. Na cire ta na ba mahaifiyarki kyauta, ta rataya makullan gida. Daga nan na kama igiyar tayar da inji na ja. Shiru. Na sake ja. Shiru. Na yi bisimilla na ja, na yi fushi na ja, na tuɓe riga na ja. Makonni ina saukowa ƙarƙashin bene bayan aiki ina kokawa da shi, har kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaguwa. Likita ya tambaye ni ko ina wasan dambe. Na ce masa a'a, bincike nake yi.

Littafin bayanin da ya zo da shi da Ingilishi aka rubuta, ni kuwa Allah Ya ba ni Faransanci da Larabci da Hausa, Ya hana ni wannan don kada in yi girman kai fiye da haka. Na kai wa Malam Sabo, Bakanon telan nan na unguwar Goutte d'Or, wanda kullum yake mana gorin cewa su Ingila ta raina, mu kuwa Faransa ta yi mana riƙon sakainar kashi. Ya sa tabarau, ya juya shafi, ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam Mamman, magana a fili take. Batir ɗinka ya mutu." Muka yi ta neman batir a cikin hotuna, ashe injin ba shi da batir ko na magani. Muna cikin gardama, shi yana cewa Turancin littafin ne ba na asali ba, sai ga mahaifiyarki ta shigo karɓar ɗinkinta. Ta leƙa shafin da muka buɗe, ta ga hoton wani yaro da jar igiya ɗaure a rigarsa. Ta zaro makullanta daga jaka ta girgiza su a tsakanin hancinmu, ta ce, "Wannan kuke nema? Ai makonni ke nan da ita nake buɗe gida." Malam Sabo ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, dama nan na nufa."

Ke kin san aikin igiyar fiye da ni yanzu: in hular ba ta zauna a mazauninta ba, wuta ba ta zuwa, inji ba ya tashi. An yi ta ne domin a ɗaura wa yaro, in ya faɗi ta fizge, babur ya mutu nan take, kada ya ci gaba da gudu shi kaɗai ko ya bi ta kansa. Abin da na ɗauka ado ne ashe shi ne ran yaro. Don haka ina roƙonki, duk safiya kafin ki ɗora ɗan wani a kan babur, ki tayar da injin, ki fizge igiyar da hannunki, ki ji ya mutu. In bai mutu ba, kada kowa ya hau, ko da uban yaron minista ne yana tsaye yana duba agogo. Igiyar Jan Maraƙi na ɗaure ta a kansa cikin leda. Mahaifiyarki, wadda ta mayar da ita kan makullanta tun da babur ya kwanta, ta sallama ta bayan doguwar tattaunawa, amma robar hular ta tsufa da hidimar makullai, ki duba ko ta tsage.

Ranar da muka mayar da hular na ja sau ɗaya ya tashi. Allahu Akbar! Uwani, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na ɗauke ki na jefa sama, kafaɗar da likita ya ce in huta da ita ta manta da ciwonta. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, domin na riga na yi masa wata hidimar. A Damagaram kowa ya san mobilet ba ta shan isansi, wato fetur, zalla, sai an garwaya mata da baƙin mai. Saboda haka na garwaya wa Jan Maraƙi, har na ƙara masa kaɗan don karamci. Hayaƙin da ya fito, ban ga irinsa ba ko a wurin masu ƙona gawayi. Ya cika wurin ajiye motoci, ƙararrawar gobara ta kama kuka, maƙwabta suka sauko da jarirai a hannu, mai gadin bene ya zo da tulun kashe wuta. Ni ina tsaye a tsakiyar hayaƙin ina bayyana musu cikin Faransanci mai tsabta cewa babu abin tsoro, gwaji ne na kimiyya. Wata tsohuwa 'yar hawa na uku ta ce in kimiyyar ta ƙare in zo in wanke mata labule.

Wannan inji, ashe, ba dangin mobilet ba ne. Baƙin mai yana da ɗakinsa, isansi yana da nasa. Zamansu zaman surukai ne: ana girmama juna, ana aiki tare, amma ba a ci a kwano ɗaya. Ni na zaunar da su a kwano ɗaya, buji, wato filogi, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na canja shi a lokacin, amma ki sake canjawa. Darasin kuwa shi ne, abin da kika sani a gida gaskiya ne a gida. Kafin ki ɗora shi a kan baƙon abu, ki tambayi baƙon ko danginku ɗaya.

Tunda muna maganar mai, ga wani abin da zai fi ba ki wahala, kuma gara ki ji daga bakina. Isansin da ke cikin tankinsa yanzu, tun na shekarar da zan ba ki labari a ƙasa ne. Ban zubar ba, ban rufe famfon mai ba. Jiya na buɗe na shaƙa, warinsa kamar tsohon fenti. Duk ya daskare a cikin abin nan da mu mutanen Nijar muke kira karbiratar, su Malam Sabo kuwa suna ce masa kafireto, kuma a wannan karo kaɗai na yarda Kanawa sun fi mu gaskiya, domin ban taɓa ganin abin da ya kai shi taurin kai da ƙin shiriya ba. Ki kwance shi gaba ɗaya, ki jiƙa, ki bi 'yan ƙananan ramukansa ɗaya bayan ɗaya. Kada ki soka musu allurar ɗinki. Na gwada da ta mahaifiyarki, na faɗaɗa rami guda, allurar ma ta karye. In lokacin aiki ya ƙare kowace shekara, ki tsiyaye wa injuna mai kafin ki rufe su. Inji ba rumbu ba ne da ake barin hatsi a ciki har baɗi.

Ƙafar robar ma na taɓa ta. Na ga tana da ɗan sako-sako, na ce wannan sakaci ne na masu ƙira, na ɗaure ta tamau kamar fatar kalangu. Ki sassauta mata. An yi ta ne ta yi tafiya da 'yar sarari.

To, yanzu na iso babban al'amari, wanda saboda shi na yi miki ƙarya ranar Talata.

Kin san Paris marowaciya ce wajen dusar ƙanƙara. Takan yayyafa kaɗan da safe, kafin ka ɗaura takalmi ta narke ta zama caɓi. Shekaru muna jira. Kullum bayan labarai ni da ke muna gaban talabijin muna kallon matar da ke faɗin yanayin sama, kamar manoma masu jiran ruwan shuka. Ke kuwa kikan sauka ƙarƙashin bene ki hau Jan Maraƙi a tsaye, kina yi masa ƙarar inji da bakinki, kina tambayata, "Baba, yaushe?" Ina cewa, "Haƙuri, Uwani, sama ba ta karɓar takardar ƙorafi." Har gwiwoyinki suka fara taɓa kan babur, na fara tsoron za ki girme shi alkawari bai cika ba.

Sai wata safiyar Asabar na ɗaga labule. Subhanallahi! Duniya ta yi fari fat. Motoci sun zama tuddai, bas ta tsaya, garin ya yi tsit kamar an rufe shi da auduga, kuma tana ci gaba da zuba. Na yi kabbara har mahaifiyarki ta zabura ta ɗauka wani ya rasu. Na shiga ɗakinki ina ihu, "Tashi! Ta zo! Ta zo!" Kika fito da takalmi ɗaya. Muka turo Jan Maraƙi daga ƙarƙashin bene zuwa filin ajiye motoci na bayan gini, ni da mai gadi, wanda ya ce doka ba ta yarda ba amma yau idonsa yana ciwo.

A nan ne tarbiyya ta tashi mini. Na dubi filin, dusa ta kai idon sawu, na ce a raina: yau ranar girma ce, 'yata za ta yi hawan farko. A gidanmu, in babban baƙo zai zo, me ake fara yi? Shara. Mahaifiyata, wadda kike ɗauke da sunanta, ba ta taɓa barin baƙo ya taka ƙofar gida ba a share ba. Kuma wane uba ne zai bar 'yarsa ta bi hanya mai santsi? Na ce ki jira. Na hau bene na ɗauko tsintsiyar kaba da muka saya a Château Rouge, na ari shebur wurin mai gadi, na kama aiki. Na share hanya doguwa, daga bakin gini har wurin kwandunan shara, na kankare ta har baƙin kwalta ya fito yana sheƙi. Gumi yana zuba mini a cikin wannan sanyi. Da na gama na dubi aikin hannuna na ji daɗi ƙwarai. Sa'an nan na dubi Jan Maraƙi yana tsaye a cikin iska, tausayinsa ya kama ni, na aika aka ɗauko bargon auren mahaifiyarki na lulluɓe masa inji, na ɗaure da igiya, don kada sanyi ya kama shi.

Maƙwabta sun taru a tagogi. Yara sun kewaye mu. Na ɗaura miki jar igiya, na sa miki hular kwano, na yi gajeren jawabi a kan dangantakar Sahara da duwatsun Turai. Na ja, ya tashi. Kika murɗa.

Ya tafi, Uwani! Ya tafi! Da wata ƙara kamar ana wasa wuƙaƙe a mahauta, ƙarafan ƙarƙashin allunan suna tartsatsin wuta a kan kwalta, ni ina bin ki a guje ina tafi, hulata ta faɗi ban waiwaya ba. Kin je ƙarshen hanya, na juya miki shi, kin dawo, kin sake komawa. Sai wari ya tashi, wari biyu ma: na roba daga ƙasa, na bargo daga sama. Jan Maraƙi ya yi wani nishi, ya tsaya cik. Na fizge bargon, tsakiyarsa ta ƙone. Na leƙa ƙasa, wasu sandunan roba biyu da ƙafar ke zamewa a kansu sun narke sun manne da ita kamar alewa.

Na shirya jin kuka saboda babur ya lalace. Amma da kika cire hular, ba babur kike kallo ba. Tarin dusar da na ture gefe kike kallo, fara tas, ko sawun tsuntsu babu. Kika ce, "Baba, ni a kan waccan nake so in hau."

Mahaifiyarki ta sauko ta karɓi bargonta, ta ɗaga shi ta leƙo ni ta cikin ramin, ta ce, "Malam, sannu da aiki. Ka gayyato baƙo cin tuwo, ka kwashe tuwon kafin ya zauna." Washegari rana ta fito, dusar ta narke. Na mayar da shi ƙarƙashin bene na rufe da akwatuna, ban ƙara ambatonsa ba, ke ma ba ki ƙara tambaya ba.

Daga baya na bincika na gane abin da ya faru. Wannan halitta da dusa take rayuwa. Ƙafar tana gudu tana ɗebo dusar tana watsa wa sandunan, ita ce man shafawarsu, ita ce mai sanyaya su. Injin kuwa iska mai sanyi yake shaƙa ya huce. Bargo a wurinsa shaƙewa ne. Wato abubuwa biyun da na tsaya tsayin daka in kare shi daga gare su, sanyi da dusa, su ne abincinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da na yi shekaru ina nazarin kalmomi, nake cin abinci da fassara a kotu, harshena ya riga ya gaya mini ban ji ba. Bahaushe da ya ga wannan farin abu bai ce masa gari ba, bai ce auduga ba, bai ce gishiri ba. Cewa ya yi dusa. Dusa kuwa me ake yi da ita? Dabba ake ba. Ke da bakinki kin ce maraƙi ne. An zubo wa maraƙi dusa daga sama kyauta, ni kuma na sa tsintsiya na share, na ɗora shi a kan kwalta. An ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami; to ita kazar ai kwana kawai ta yi, ba ta share damin ba.

Saboda haka ki sayi sababbin sanduna tun a Lyon kafin ki hau duwatsu, ki duba ƙafar ko narkakkiyar roba ta ci ta, ki duba ƙarafan ƙarƙashin alluna domin kwalta ya cinye su. Kuma in dusa ta yi ƙaranci a fili, ko ta daskare ta zama dutse, kada ki bar yara su yi ta zagaye a kai don iyayensu sun matsa. Ki ce maraƙi bai ci ba, ba zai yi noma ba.

Uwani, tun jiya nake tunani, na ga tsintsiyar nan ban ajiye ta ranar ba. Da kika ce kanikanci kike so, na je makarantarku da babbar riga na roƙi a mayar da ke ajin masu karatun magani, domin a ganina can ne hanya mai tsabta, babu baƙin mai, babu sanyi, babu mai cewa 'yar Malam tana kwance ƙarƙashin mota. Kika yi shekara a can kina ramewa, ba ki ce mini komai ba, har mahaifiyarki ta ce in ban janye ba, za ta sake nuna wa jama'a bargon. Da kika tafi Lyon na yi ta kira ina nemo miki aikin ofis a wurin abokai. Ranar Talata ma shara ce na yi: na ji tsoron ki kai mataccen inji gaban baƙuwa ya ƙi tashi, ki ji kunya, kuma a gane wanda ya kashe shi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, amma ba a faɗi cewa wani lokaci abin da babban ya hango kwalta ne ba.

To ki tafi, da yardata da albarkata, cikakku ba ragi. Ki sa safar hannu, domin ƙarfe a can yana cizo. Ki ɗumama ruwan alwala, Allah bai ɗora miki jarumta a kan wannan ba. Ki ci abinci mai zafi kafin ki fita. Mahaifiyarki ta sa yaji da kilishi da garin kunu a cikin akwatin da ke ɗaure bayan babur, kada ki ɗauka kayan gyara ne. Ki gaida dattijuwar da ladabi. In ta tambayi wane azzalumi ne ya yi wa wannan inji haka, na ba ki izini ki fassara mata takardar nan duka, sai dai wajen bargo ki taƙaita.

Zai tashi, in Allah Ya yarda. Na san zai tashi, domin ba tsufa ya kwantar da shi ba, ni ne, kuma ga shi na faɗa miki duk inda na taɓa. Ranar da ya tashi, ki kira ni ko ina tsakiyar kotu, ki kara wayar a jikin injin in ji. Na san kin girme shi, gwiwoyinki za su kai kunnuwanki. Duk da haka, kafin ki ɗora ɗan kowa, ki roƙi dattijuwar ta ba ki zagaye ɗaya. Ki nemi inda dusar ta fi zurfi, inda ko sawun tsuntsu babu, ki bi ta tsakiyarta. Alkawarin da na ɗaga yatsa na yi a ƙofar bene, ke za ki cika mini shi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki fi ƙarfin abin da kika je nema, Ya tsare ki da 'ya'yan mutanen da za a damƙa miki, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Mahaifiyarki tana gaishe ki, Malam Sabo yana gaishe ki, ya ce ki duba batir.

Ɗazu Alhaji Mahamat ya zo auna wurin da babur zai zauna a motarsa. Ya ga tsintsiyar kaba jingine a jikin babur ɗin, inda na bar ta tun waccan rana, ya ce, "Malam, wannan ma cikin kayan gyaran take? In ɗora?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Wannan a nan za ta zauna."

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Mamman